Kafso da Madara Bayan Suyar Turare

Shekarun baya, lokacin ina budurwa a gidanmu na unguwar Mafoni a Maiduguri, babu abin da na iya a duniya kamar karatun littattafan soyayya. Akwai wani dattijo mai hayar littattafai a kan hanyar Kasuwar Kwastam. Duk ranar da aka aike ni cefane sai na tsaya wurinsa na canzo sabo, in cusa shi a ƙarƙashin tumatir in dawo gida. Na karanta su har ta kai ina sanin inda jaruma za ta suma tun kafin a zo wurin. Amma duk cikin littafi ba haɗuwar masoya ce ta fi tsaya min a rai ba, sallamar amarya da mahaifiyarta ce. Wurin nan da ake shigo da amarya ɗakin uwa a lulluɓe, ta durƙusa ta ɗora kanta a cinyarta, uwar ta dafa ta ta yi mata nasiha, su yi ta kuka har sai an ɓamɓare su. Nakan maimaita shafin, in rufe littafin in sha kukana ni kaɗai, alhali ko saurayi ba ni da shi. Har gwaji na sha yi a gaban madubi don in ga ta wane gefe kuka ya fi yi min kyau. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi.

Mahaifiyata kuwa ba ruwanta da irin wannan shirmen. Mace ce mai kaifin baki da zafin nama, ba ta iya lallashi ba. Idan ta kama ni ina hawaye a kan littafi sai ta ce, “Fero, wa ya mutu?” Fero shi ne yarinya da yarenmu na Kanuri, da shi take kirana har na girma. In ce mata babu kowa, labari ne. Sai ta ce, “To tashi ki kwashe min toka, in kin gama ki koma zaman makokinki.”

Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, da sana'ar turaren wuta ta riƙe mu, ni da yayyena maza biyu. Ita ma a hannun uwarta ta koya. Wanda bai taɓa ganin suyar turare ba zai zaci aikin 'yan gayu ne, ƙamshi zalla. Ba haka abin yake ba. A bayan ɗakinmu akwai wata 'yar rumfar kwano, a nan take ɗora babbar tukunya a kan gawayi, ta narka sukari har ya yi danƙo, ta zuba itacen sandal da hawi ta yi ta juyawa tana tsiyaya turaruka. Kafin nan sai an soya farce, wani ɓawo ne da ake dakawa a zuba don ƙamshi ya kama jiki da tufafi, kuma hayaƙin suyarsa ko akuya ba ta tsayawa kusa da shi. Idan ta gama sai ta ɗebi kaɗan ta sa a garwashi, ta sunkuyar da fuska a kan kaskon ta ja hayaƙin har cikin ƙirjinta, don ta ji ko haɗin ya yi. Haka take yi tun kafin a haife ni.

Tana da aminiya da suke aikin tare, maƙwabciyarmu ce, kowa a unguwa Hajja yake kiranta. Kuma suna da wata al'ada da na tashi na gani. Duk ranar da suka gama suya, sai su zauna a kan tabarma su fasa gwangwanin madara su raba, kowacce ta haɗiyi kafso ɗaya, irin ja da yalon nan da ake saya a kemis. Wai wankin ƙirji. Madara tana wanke baƙin hayaƙi, kafso kuma yana kashe duk abin da ya maƙale. Ba su kaɗai ba, duk matan da na sani masu wannan sana'a haka suke yi. A idona abin bai bambanta da wanke tukunya bayan an gama aiki ba. Ban taɓa jin wani ya kira shi shan magani ba.

Tari ya daɗe tare da ita, har muka saba. Da shi muke gane ta tashi da asuba. Daga baya ne numfashi ya shigo ciki. Tafiyar da take yi a ƙafa zuwa kasuwa ta koma sai da keke napep, sharar tsakar gida ma sai ta tsaya ta dafa bango. Wata rana tarin ya tsananta, kakin da take tofarwa ya yi kauri ya koma kore, jikinta ya yi zafi, muka kai ta asibiti. Likitan wani matashi ne mai fara'a. Bayan ya saurari ƙirjinta ya sa ta hura iska a wata na'ura, ya ɗago ya ce, “Mama, kina shan taba?”

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. “Taba? Ni? Likita, gyara tabaranka ka sake kallona.”

Ya yi dariya ya ba ta haƙuri, ya ce to wane hayaƙi take mu'amala da shi? Da muka faɗa masa sana'arta sai ya gyaɗa kai ya ajiye biro. Ya kira ciwon da wasu haruffan Turanci, sannan ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce hayaƙin shekara da shekaru ya ƙuntata hanyoyin iska na huhunta, kuma abin da ya ƙuntata ba ya komawa yadda yake, sai dai a hana shi ƙaruwa. Ya ba ta abin shaƙa na kullum. Ya ce ciwon zai riƙa tashi lokaci zuwa lokaci, kuma ba kowane tashi ne yake buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Amma idan numfashi ya ƙara sarƙewa, kaki ya yawaita ya canza launi irin na yau, to ƙwayar cuta ta shiga, a nan ne maganin yake da amfani. Ya rubuta mata na kwana biyar, ya ce ta shanye duka ko da ta ji sauƙi. Sannan ya ce ita da rumfar suya sun yi sallama.

Na tuna ya tambaye ta ko tana shan wani magani a gida. Ta ce a'a. Ina zaune a gefenta, ni ma a raina a'a ɗin ce. Kafson bayan suya ko kusa bai zo mana a rai ba.

Maganin likitan ya yi aiki kamar an cire mata dutse daga ƙirji. Kafin kwanakin su cika ta koma tana faɗa da mai kayan miya, alamar lafiya ta samu ke nan. Tun daga nan ta ɗauki kafson likita da girma, tana cewa na kemis yaro ne a gabansa. Suya kuma ta bar wa Hajja. Ita sai ta zauna can nesa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida tana auna kayan haɗi tana ba da umarni da ƙarfi. Hajja ta ce mata, “Ke da aka ce ba ki da numfashi, ina kike samo na masifa?” Ita kuma ta ce, “Na masifa daban yake, ba a huhu yake zaune ba. Juya tukunyar nan kafin ki ƙona min sandal.”

Ciwon ya sake tashi sau biyu ko uku bayan nan. Kowane karo a koma asibiti, a rubuta magani, ta warware.

A cikin wannan tsakanin ne Allah ya kawo mijina. Ni da nake jiran wani dogon saurayi ya sauke gilashin mota ya ce tun da yake bai taɓa ganin irina ba, sai ga wani malamin makaranta daga unguwar Mairi ya sauko daga keke yana ciniki da direba. Kyautarsa ta farko fitila ce mai caji, wai ya ji an ce ina karatu da yawa kada idona ya lalace. Na yi fushi kwana biyu, daga baya na lura kullum da ita nake karatun. Manya suka shiga magana, aka sa rana.

A Maiduguri ana iya yafe wa amarya gado ko kujera, amma ba a yafe mata turare. Kwalabe ne ake jerawa, na ɗaki daban, na tufafi daban, na jiki daban, kuma dangin ango da hanci suke fara duba ɗakin amarya kafin ido. Muna tsammanin Hajja ce za ta yi, sai wata safiya na tarar da mahaifiyata a cikin rumfa tana hura gawayi.

Na ce, “Mama, likita fa ya hana.”

Ta ce, “Likita ne zai aurar da ke?”

“Hajja za ta yi, ai hannunku ɗaya.”

“Hannunmu ɗaya? Je ki tambaye ta sau nawa na gyara mata haɗi.” Ta miƙe ta riƙe ƙugu. “Fero, na yi wa 'ya'yan mutane turare har ban san adadinsu ba. Wasu har jikoki sun ajiye. Tawa guda ɗaya tilo ita ce zan zauna a gindin bishiya wata ta juya mata tukunya? A ce a gidan miji wa ya haɗa wannan, ki ce maƙwabciya?”

Hajja tana daga bakin ƙofa ta ce, “Maƙwabciyar tana jin ki fa.” Mama ta ce, “Don ki ji na faɗa.”

Na ci gaba da magiya. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata kwalbar humra da ta wanke, cike da kafso har wuya. Ashe duk lokacin da ciwon ya tashi aka rubuta mata na kwana biyar, da zarar ta ji ƙirjinta ya saki a kwana na biyu ko na uku sai ta daina, ta adana sauran. A ganinta asara ce a ci gaba da zuba magani mai ƙarfi a cikin jikin da ya riga ya warke. Ta girgiza kwalbar ta ce, “Ga tsarina. Na likitan ne da kansa, ba na kemis ba. Ɗaya kafin in shiga, ɗaya in na fito, da madara. Hayaƙin ya zo ya same ni.”

Hajja ta karɓi kwalbar ta duba ta ce lallai wannan dabara ce. Ɗaya daga cikin yayyena da ya shigo ya ji bayani ya ce tun da da magani a hannu ai da sauƙi. Ni ma hankalina ya kwanta. Duk gidan babu wanda ya ga aibun abin, maganin da ya warkar da ƙirji ai shi ya kamata ya tsare ƙirji, haka lissafinmu ya ba mu. Na koma ɗaki na ci gaba da tunanin wace laffaya zan sa ranar sallama, da kuma ko zan fara kukan tun daga tsakar gida ne ko sai na shiga ɗaki.

Ta kusa wata guda tana suya. Ban taɓa ganin ta zuba ƙwazo a aiki irin wannan ba. Haɗi ɗaya sai ta gwada shi a garwashi ta ja, ta yamutsa fuska ta ce bai yi ba, ta sake ɗora tukunya. Ƙamshin ya cika layinmu har masu wucewa suna tsayawa. Tarin ya ƙaru, muna ji, amma da an yi magana sai ta nuna kwalba.

Da biki ya matso aka mayar da ni gidan Hajja don gyaran jiki, kamar yadda ake yi wa kowace amarya. Dilka da safe, da rana a zaunar da ni a kan hayaƙin turare a lulluɓe ni da bargo har sai gumi ya jiƙa ni, gashina a shafe shi da humra a kitse. Tufafina kuwa suna kife a kan kabbasa, wato kwandon da ake ɗora wa kaya a sa kasko a ƙarƙashi, ana turara su safe da yamma. Ba a barin amarya ta fita. Ina tambayar Mama sai a ce tana fama da baƙi.

Abin da ba a gaya min ba shi ne ciwon ya tashi. Kakin ya koma kore, zazzaɓi ya rufe ta. Ta shanye ragowar abin da ke cikin kwalba, shiru. Ta aika kemis aka sayo mata irinsa sak, ta sha, shiru. Maganin da a da yake kwance mata ƙirji kafin gari ya waye sau biyu, yanzu kamar tana haɗiyar tsakuwa. Ta hana kowa ya faɗa min, ta kuma ƙi asibiti, wai sai an gama biki. Ana jibi ɗaurin aure ta tayar da sallar azahar ta kasa kai ƙarshen Fatiha, ta zauna, leɓɓanta suka yi duhu. Yayyena suka ɗauke ta.

Sai washegari Hajja ta zaunar da ni ta faɗa min. Na ce a ɗaga bikin. Ta ce ai abin da kowa ya ce ke nan, amma uwarki da robar iska a hanci ta ɗaga yatsa ta ce duk wanda ya ɗaga mata biki ba ta yafe ba. Na ce to a kai ni in gan ta. Aka ce amarya da lalle a ƙafa ba ta yawon asibiti, in bari gobe in sha Allahu za a sallamo ta. Ba a sallamo ta ba. Aka ɗaura aure da hantsi, gida cike da mata da kiɗa, ɗakinta a rufe.

Bayan la'asar motocin ɗaukar amarya suka fara taruwa. Na ce wallahi babu inda za ni sai na yi sallama da mahaifiyata. Dangi suka yi ta surutu, a ƙarshe Hajja ta ce a bar ni, ita za ta raka ni mu dawo. Kuma don ku san irin kan da nake da shi a lokacin, a cikin mota ina kuka na gaske, amma wani gefe na zuciyata yana raya min cewa sallama a gadon asibiti ai ta fi ta ɗaki ratsa jiki. Har na hango yadda zan durƙusa a gefen gadon, laffayata ta bazu a ƙasa.

Muka shiga ɗakin mata masu ciwon ƙirji. Gadaje ne a jere hagu da dama, nata yana can ƙarshe kusa da taga. Tun daga ƙofa kawuna suka juyo. Wata tsohuwa a gadon farko ta ce, “Masha Allah, amarya,” ba ta rufe baki ba tari ya sarƙe ta. Ta kusa da ita ma ta ɗauka. Ban fahimci komai ba, idona yana kan mahaifiyata. Ta rame a 'yan kwanakin nan kamar ba ita ba, an jingina ta da matasai, ga roba a hanci ga ƙarin ruwa a hannu. Idonta a rufe yake. Na ga hancinta ya motsa, ta buɗe ido, ta gan ni, ta fara murmushi. Na miƙa hannu ke nan, sai tari ya taso mata. Ban taɓa jin irinsa ba. Ta dunƙule, ta riƙe ƙarfen gado, tana neman iska tana rasawa, idanunta suka firfito.

Wata nas ce ta sha gabana, babbar mace, daga maganarta na gane 'yar kudancin Borno ce. Ta kama kafaɗata ta juya ni. “Amarya, waje! Waje, don Allah, za ki kashe min marasa lafiya.” Kafin in ce uffan na tsinci kaina a baranda, an rufe ƙofa.

Muna tsaye ni da Hajja har likitan ya fito, shi ne dai na farko. Ya ce an samu ta lafa. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Ki yi haƙuri, ƙamshin jikinki ne. Huhunta a yanzu ko turaren feshi ba zai ɗauka ba, balle wannan.” Sannan ya juya wurin Hajja. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne gwajin kaki ya nuna ƙwayar cutar ba ta jin maganin da ya saba ba ta, dole suka koma na allura mai ƙarfi. Ya ce, “Hajja, tsakaninki da Allah, tana shan wani abu a gida?”

Hajja ta ce, “Ba ta shan komai, sai dai na wankin ƙirji.”

“Mene ne na wankin ƙirji?”

Ta yi masa bayanin madara da kafso, da kwalbar humra, da ɗaya kafin suya ɗaya bayan suya, tana yi tana gyara mayafi kamar mai koya wa yaro abin da kowa ya sani. Likita ya saurare ta har ta gama. Daga baya ya ce maganin nan ba ya tare hayaƙi ko kaɗan, ƙwayar cuta yake kashewa. Idan ana shan sa ɗaya yau ɗaya jibi, ko a fara a bari a tsakiya, masu rauni ne suke mutuwa, masu taurin su rage su saba da shi su hayayyafa. Ranar da ake neman sa da gaske sai ya zo ya tarar sun san shi.

Hajja ta ce, “Likita, shekara nawa muna yi.”

Ya ce, “Na sani, Hajja. Shi ya sa.”

Ni duk wannan bayanin a lokacin ta bayan kunnena yake wucewa. Na ce masa, “In na je na yi wanka na canza kaya fa?” Kafin ya amsa Hajja ta girgiza kai, hawaye ya zubo mata. Ta ce, “Fero, wannan ba ya fita da wanka. Ko kin yi wanka goma yana nan, sai ya yi makonni. Ita ta haɗa shi, don kada ya fita ta haɗa shi.” Wayarta kuma sai ƙara take, ana cewa dangin ango sun gaji da jira.

Nas ɗin ce ta ce in zagaya ta bayan ginin. Na bi ta cikin ciyawa da takalmin amarya, na tsaya a jikin tagar da ke kusa da gadonta. Nas ta rufe gilasan tagar ɗaya bayan ɗaya don kada iska ta shigar da ni, sannan ta gyara mata matashi ta juyo da ita. Muka kalli juna. Na ɗora tafin hannuna a kan gilashin, lallena ya yi baƙi sosai, na so ta gani. Ta dube ni tun daga goshi har inda taga ta yanke, a hankali, irin kallon da take yi wa haɗin da ta gama. Na ga bakinta yana motsi, nas ta sunkuya ta kara kunne. Na ce a raina ga nasihar nan tafe, ko ta bakin wani ce zan karɓa.

Nas ta zagayo ta same ni. Ta ce, “Mamanki ta ce in gaya miki turaren ya kama. Ta ce ki tafi, kada ki bar mutane suna jira.”

Na ce, “Shi ke nan?”

Ta ce, “Shi ke nan numfashinta ya kai, 'yata. Je ki, Allah ya ba da zaman lafiya.”

Na waiga, ta ɗaga hannun da babu allura ta yi min alamar in tafi, irin yadda take kora ni idan na tsaya mata a kai tana aiki. Haka aka kai ni Mairi.

Allah ya yi da sauran kwananta. Allurar ta yi aiki, bayan makonni aka sallame ta, sai dai ba ta koma yadda take ba. Numfashin da ta shiga rumfar nan da shi ba da shi ta fito ba. Sai da ƙamshin ya bar jikina na je gida da tsofaffin kayana da aka wanke da sabulun wanki. Na durƙusa na ɗora kaina a cinyarta na ce, “Mama, yi min nasihata, bashi nake bin ki.” Ta ture kaina ta ce, “Tashi, kin danne min ƙafa. Amaryar da za a yi wa nasiha ai ta tafi tuni. Ke yanzu matar aure ce, kin fi ni sanin halin mijinki.” Muka yi dariya, aka bar maganar. Ta ƙara 'yan shekaru tare da mu, ta ga ɗana na fari, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Ban rubuta wannan don in ɗora wa kowa laifi ba. Ita ƙauna ce ta shigar da ita rumfar, Hajja abin da ta gada ta faɗa, mu kuma abin da muka tashi muka gani ne. Amma da a ce ranar farko da likita ya yi tambaya wani cikinmu ya ambaci kafson bayan suya, da ya yi mana bayanin da ya yi a baranda tun da sauran lokaci. Shi ya sa yanzu idan na raka wani asibiti nake zama sarkin surutu, har jiƙon da aka sha bara sai na faɗa. Wanda yake da mai irin wannan ciwo a gida, don Allah idan ya tashi a kai shi a duba, likita ne zai ce wannan tashin na maganin ƙwayoyin cuta ne ko ba nasa ba ne. In an rubuta a shanye, kada a ajiye saura. Hajja ta daina wankin ƙirji tun daga ranar, tana kuma faɗa wa 'yan sana'arsu. Wasu sun ji, wasu suna cewa tsufa ne ya sa ta tsoro.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ko da lafiyarta ƙalau, mahaifiyata ba mai dogon jawabi ba ce, ƙila da na durƙusa cewa za ta yi in tashi kada in ɓata kwalliya. Da wannan na rayu har bayan rasuwarta. Ranar sadakar bakwai muna zaune da Hajja a gindin dogon yaro, sai ta ce, “Kin san uwarki ta shirya abin da za ta faɗa miki ranar nan?” Na ce wace rana? Ta ce ranar aurenki. Duk watan da ta yi tana suya, tana juya tukunya tana bitar maganar da yarenmu ƙasa-ƙasa, ta faɗa ta gyara ta sake faɗa, wani lokaci har ta share ido ta ce hayaƙi ne.

Na ce, “Hajja, me take cewa?”

Ta ce, “Wallahi ban sani ba. Da na matso sai ta yi shiru, ta ce ba tawa ba ce, ta fero ce.”